Duna da Yayen Nura

Ku da kuka san kakana Baba Manu, kun san ba a gama magana da shi in babur ya wuce. Ko a zaman makoki ne, sai ya ɗaga maka hannu, ya karkata kunne wajen titi, ya yamutsa fuska. "Kun ji ko? Keken ɗinki ne aka sa wa fitila." Duk baburan Haɗeja keken ɗinki ne a wurinsa. Babur ɗaya tak aka taɓa ƙerawa a duniya, shi ne Duna, baƙin tsohon ƙarfen nan nasa da ya kulle a ɗakin zaure tun ina 'yar mitsitsiya.

Shekarar da kogi ya cika ya shigo mana unguwa, kowa na ɗora buhunan shinkafa a kan gado, shi kuwa Duna ya sa aka cicciɓa aka kwantar. Shinkafa ta zauna a ruwa har ta yi tsiro. Iya, kakata, ta ce, "Malam, to ƙarfen za mu tuƙa tuwo da shi?"

Ya ce, "Shinkafa duk damina ana yi. Duna an daina."

Ni duk wannan bai dame ni ba sai da na kai ɗana Nura yaye wurin Iya. A da, duk yaron da aka kawo yaye gidan, Baba Manu kan ɗora shi a tankin Duna ya kai shi bakin gada, wai iskar babur ce ke mantar da yaro nono. Ni ma an yi mini. To ranar da na sauke Nura, sai tsohon nan ya dube ni ya ce, "Amarya, tattaɓa-kunnena na fari ba zai yi yayen ƙasa ba. Za a ta da Duna."

Mutumin da yanar ido ta rufe wa gani! Mutumin da ya taɓa yi wa turmin Iya sallama, ya tsaya yana jiran amsa!

Uwa ba ta leƙa gidan yaye, kowa ya sani. Ni kullum ina can, a maƙale a zaure inda Nura ba zai gan ni ba. Da idona na ga an buɗe ɗakin. Ɓeraye sun cinye sirdi, zanzaro ya yi gini a salansa, tayoyi sun tsattsage kamar ƙafar mai faso. Aka kira Sabo bakanike. Ya zagaya shi, ya ce, "Baba, wannan kam sai 'yan gwangwan."

Baba Manu ya ce, "Kai Sabo, ranar da za a haife ka, a kan Duna na ɗauko ungozoma. Da na sani da na bar ta ta tako da ƙafa."

Sabo ya durƙusa ya kama aiki.

Cikin tanki duk tsatsa ne. Tsoho ya zuba tsakuwa da kananzir ya toshe, ya ce sai an yi ta girgizawa. Sai ya waiwayo ni. "Amarya, bayanki ya saba da jijjiga, ga shi yanzu ba kowa a kai."

Na ce, "Wallahi ba ka isa ba, tsohon banza mai warin fetur!"

Ya ce, "To bari in ƙwala wa Nura kira in ce ga mama."

Jama'a, na goya tanki. Da zanina na fita unguwa! Ina sintiri a zaure, tsakuwa na ƙara a bayana, sai ga maƙwabciyarsu ta shigo, ta kalle ni ta kama baki. "Ikon Allah, Hadiza, har an yi wa Nura ƙane?"

Ni ban san kan inji ba, amma ina da ido. Na ga an wanke fulogi, an canza baƙin mai, an sa wa kaca mai, an goge madubi har sau ba adadi, ham kuwa sai da ya ishi unguwa. Abu ɗaya ne ban ga an taɓa ba. Na ce, "Baba Manu, birki fa?"

Ya ce, "Birki na wanda bai san inda za shi ba ne."

Na kai ƙara wurin baban Nura, ya yi dariya ya ce ai ba zai tashi ba. Iya ma haka ta ce. Kowa ya jingina ran ɗana da cewa ba zai tashi ba. Ni kuwa ko tuwo na kai baki, gada nake gani da motocin shinkafa.

Wata safiya Sabo ya buga kik, sai Duna ya yi tari. Ya sake bugawa, sai ƙara kamar an ta da injin casa. Ƙaiƙayin da ɓeraye suka tara ya yi ta fita ta salansa, kaji suka haura katanga, zaure ya turnuƙe. Tsoho na ihu, "A kawo Nura! A kawo shi!"

Na manta da wani yaye. Na sha gaban babur na riƙe ƙaho, na ce, "Sai dai ka bi ta kaina."

"Matsa, amarya, kada in sake ki."

Ya haye, ya turo Duna daga inda aka kafe shi. Nan take ƙarfen ya karkata, da Sabo bai tare ba da sun zube tare. Ya daɗe yana kallon ƙofa, yana ƙanƙance ido, inda rana ta hasko titi. Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Fetur ɗin zamanin nan ruwa ne. Ba zan ɓata Duna a titi da shi ba. Sabo, kafe shi."

A kafen aka ɗora Nura a tanki, inji na rugugi, Iya na yi masa fifita, tsoho na riƙe da shi da hannu biyu yana ba shi labarin kwalekwale da tsuntsayen fadamar Baturiya kamar ga su nan a gabansu. Yaro ya yi ta ƙyalƙyala dariya, ko kallona bai yi ba, har barci ya kwashe shi a ƙirjinsa.

Da na matso, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Hadiza, kwantar da hankalinki. Hanyar ce ba na gani."

Tunda nake bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. Damina ba ta zagayo da shi ba.

Ya Allah, tsohon nan ya wahalar da ni, amma ya bar mini ɗana. Ka yafe masa, ka yalwata makwancinsa, ka haskaka masa hanya. Amin.