Yadda Rum da Kartej Suka Raba Mana Aji

A shekarar yunwa ne, wadda gobarar daji ta cinye gonaki, ina koyar da lissafi a wata makarantar midil a Kukuo, wata unguwa a garin Tamale. Alli babu, littafi babu. Yara suna zuwa ciki wayam, kafin hantsi rabinsu sun kife kai a kan tebur. Malamin tarihinmu baƙo ne daga kudu, Kirista, mai Hausar kasuwa wadda mace da namiji duk "shi" ne. Mutumin kirki ne, sai dai taurin kai, Allah ya ba shi.

Don ya kori barci sai ya ƙirƙiro wasa. Ya tsaya tsakiyar aji ya ce na dama Rumawa ne, na hagu mutanen Kartej, garuruwa biyu da suka daɗe suna yaƙi a zamanin da a kan wa zai mallaki teku. Ya fito da su fili, karan dawa ya zama mashi, ƙarti biyu suka lulluɓa da zane suka zama giwar Kartej. Yara kuwa suka wartsake.

Abin da bai sani ba shi ne yaranmu ba sa zama barkatai. Rigimar sarauta ta raba Dagombawa, mutanen garin, gida biyu tun kafin a haife su, kuma kowane yaro kusa da 'yan gidansu yake zama. Na dama gida ɗaya, na hagu ɗayan. Mu 'yan zango, baƙin da ke zaune a cikinsu, mun sani, amma ba maganar da ake yi da baki ba ce. Na ce masa ya gauraya su, ya ce ai wasa ne.

Ba a yi mako ba aka fasa wa wani yaron hagu goshi. Washegari da safe iyayen hagu suka jingine kekuna a gindin bishiyar dogon yaro, suka tsaya suna jira. Hedimasta ya tuna yana da aiki a ofis cikin gari, ya sulale. Ni aka kira in yi tafinta, tunda ina jin yarensu, Dagbanci. Na san in suka kwashe 'ya'yansu aikin mutumin nan ya ƙare, a lokacin da soja ke mulki, suna jira kawai su ji an ce wani yana tada fitina.

Dattijon cikinsu, kakan yaron da aka ji wa ciwo, bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, tambaye shi. A ƙarshen yaƙin nan, wa ya ci?"

Na juya na raɗa masa da Turanci, "Ticha, don Allah ka ce sulhu aka yi."

"Ni ba ya koyar da ƙarya," in ji shi. Da ya bar maganar a bakina da na san yadda zan lanƙwasa ta. Ina! Sai ya tsallake ni, ya fuskanci tsohon da Hausarsa, wadda duk Tamale ba wanda ba ya ji. "Baba, Rum ya ci. Ya ƙone garin duka, ya sayar da mutane bayi. Amma ya daɗe sosai, ba nan ba ne."

Wallahi ji na yi kamar in kwaɗa masa mari. Tsohon ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "To. Kai kuma ka duba cikin yara ka zaɓi waɗanda za a ƙone."

Ya taka zuwa ƙofar aji ya kira jikansa. Sauran iyaye suka bi shi, kowa ya kira nasa, yara suna fitowa kai a ƙasa. Ticha yana biye da su yana "Baba, Baba", ba wanda ya waiwaya.

Kafin wata ya ƙare aka canja masa wurin aiki. Yaran hagu kuwa yawancinsu gona suka koma, ba su sake taka aji ba, har da wanda ya fi kowa lissafi a hannuna.