Yaya a Kan Goran Masunta

A gidanmu na Ajingi, Baba ba ya kiran sunan Yaya, ba ya ma yi masa magana kai tsaye. Ɗan fari ne. Inna ta fi Baba ma, in Yaya ya shigo tsakar gida sai ta tuna tana da aiki a madafa. Saboda haka ni ce bakinsu, tunda a cewar Inna makarantar sakandare ta wanke mini kunya tas.

Yanzu Yaya malami ne a wata jami'a a Turai, yana koyarwa yana bincike a kan injin da ke tura kumbo a sararin samaniya. Ɗalibansa Dakta suke ce masa. Ni dai na san yadda aka yi ya tafi.

Farkon shekarun saba'in ne, ya gama karatu a Zariya, aka ba shi gurbin ƙaro ilimi a waje. Komai ya kammala sai abu ɗaya. Yaya ya ce ba zai taka jirgi ba sai Baba ya ce ya tafi, Baba kuwa ya ƙi cewa komai. Damina ta yi nisa, lokacin tafiya yana matsowa, Yaya ya rame kamar mai jinya.

Baba ba ya cikin masu musun cewa an je wata, wannan bai dame shi ba. Ran nan a zaure, Yaya yana durƙushe gefe guda, Baba ya dube ni ya ce, "Tambayi yaron nan. Jaki ƙasa yake takawa ya yi gaba. Mai fito ruwa yake turawa. Shi ya ce can sama babu ƙasa, babu ruwa, ko iska babu. To me abin nasa zai tokara? Ni ba na sa albarka a sana'ar da ban gane kanta ba."

Na ce, "Yaya, ka ji."

Allah ya sani ina son yayana, amma in ya fara bayani sai mutum ya nemi matashi. Ya kawo Turanci, ya kawo lissafi, ya ɗauki tsinke yana zana kibau a ƙasa. Da na gaji sai na ce, "Baba, ya ce bai sani ba."

"Ke! Yaushe na ce haka?"

"To ka faɗa da Hausa mana. In ba ka iya ba, ka nuna."

Washegari ya aro amalanken maƙwabcinmu, ya loda guntayen tubali, ya hau. Wai in ya yi jifa baya, amalanken zai yi gaba. Ya manta ƙasar Ajingi rairayi ce. Ya yi ta jifa har ya haɗa gumi, kaji suka watse, yara suka taru suna ihu, amalanke ko gezau. Baba ya ce, "Gaya wa yaron nan ya mayar wa mutane kayansu," ya shige gida.

Haushi ya kama ni, nasa da na masu dariya. Na ce, "Duk karatun nan, abin da ka iya ke nan?" Bai ko ji ni ba. Yana ta kallon ƙafar amalanken da ta nutse, can ya ce, "Rairayi ne ya riƙe ta. Ruwa nake so."

Kududdufin bayan gari ya cika a lokacin. Wani kawunmu mai su ya ba da babban goransa, irin wanda masunta ke kifa ciki a kai su yi yawo bisa ruwa. Ni na je na taso Baba. Ya ce yana da aiki a gona, na ce gonar ba ta gudu, na ɗauko masa takalmansa na ajiye a gabansa. Ya harare ni, ya sa.

Yaya ya cire riga, ya rataya jakar guntayen tubali a wuya, ya kifa ciki a kan gora. Baba ya ce, "Gaya masa ya ɗaga ƙafafunsa. Ina ganin yatsunsa a ruwa."

Na ɗaga murya, "Baba ya ce ban da maguɗi!"

Ya ɗaga ƙafafu sama kamar kwaɗo. Ya jira ruwa ya kwanta, sannan ya wurga tubali wajen gaɓa da iyakar ƙarfinsa. Goran ya ja baya kaɗan. Ya sake, ya ƙara ja. Bai taɓa ruwa da hannu ba, amma yana ta nisa da mu.

Baba ya matso har bakin ruwa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wato guzurinsa yake zubarwa ya samu tafiya."

Yaya ya manta da ni, ya amsa da kansa. "Shi ke nan, Baba! Shi kumbo wuta yake fesawa. Aikina in gano yadda za a yi jifan da ƙarfi, kaɗan ya kai shi nesa."

"In ya ƙare fa?"

"Shi ya sa ake lissafi tun daga ƙasa," in ji Yaya. Ya sa hannu a jaka, babu ko ɗaya, ga shi a tsakiyar kududdufi. Garin waiwaye goran ya suɓuce, ya faɗa ruwa tsundum.

Baba ya daka mini tsawa, "Ke, tsaye kike?" Shi har ya shiga da takalmansa. Ashe ruwan iya ƙirji ne. Yaya ya miƙe da gansakuka a ka, yana tari yana dariya. Baba ya juya ya kama hanyar gida, wandonsa jiƙe har gwiwa.

Muka bi shi a baya. Da ya shiga tsakar gida sai ya tsaya a bakin madafa, ya ce wa Inna da ƙarfi yadda na zaure ma zai ji, "A daka kuka da yawa, a haɗa da daddawa da yaji. An ce can ba su san miya ba."

Yaya ya tsaya cak, ruwa na ɗiga daga jikinsa. Na zungure shi na ce, "Ya ce ka tafi."

"Na ji, uwar tsiwa," ya ce, yana goge ido da bayan hannu. "Wannan ba sai kin fassara ba."