Delun Mai Tsintar Takarda

Yayana Gao Delun bai iya karatu ba, na mutanen gari ko na kakanninmu, amma rubutu ne ya cinye rayuwarsa kaf. Ni ce autarsu, kuma ni kaɗai na rage da zan ba da labarinsa. Ba zan shafa masa mai a baki don ya mutu ba: mutum ne mai taurin kai, ga shiru kamar tukunyar da aka kife, in ka ba shi abinci sai ya huce kafin ya tuna da shi.

Sana'arsa tsintar takarda. A nan garinmu Kaifeng ba a taka rubutu, ba a ƙunshe gyaɗa a cikinsa, ba a goge hannu da shi. Dattawan gari ke ɗaukar mutane irinsa, a ba su kwando da awartakin gora, su yi ta zagaya lungu-lungu. Duk guntuwar takardar da ke da rubutu, ko ta faɗa kwata, sai ya ɗauko ya wanke ya shanya. In kwando ya cika ya kai tanderun bulo da ke bayan makaranta a ƙone, tokar kuma a kai ta kogi. Wannan shi ne girman da ake yi wa rubutu idan ya tsufa, kuma ban taɓa ganin wanda ya riƙe aikin da zuciya ɗaya kamar Yaya ba.

Mu ne ake kira masu cire jijiya, don ba ma cin jijiyar cinyar dabba. Maƙwabtanmu Musulmi suna sa farar hula, mazanmu shuɗiya, kuma da mu da su ba mai cin alade. Malaminmu na ƙarshe da ya iya karatun kakanni ya rasu tun Baba yana saurayi. Sai babbar ambaliya ta zo ta jiƙa ɗakin ibadarmu har ya zube, mutane suka kwashe katakon, littattafan suka watse a hannun dangi. Ɗaya ya faɗo gidanmu: Attaura ce a kan fatun tumaki da aka ɗinke, naɗe a kan sanduna biyu, nauyinta ya kai na yaron goye. Gefe guda ya sha ruwan ambaliya, kuma bai sake warkewa ba.

Da Baba zai rasu ya ce wa Yaya, "Muna da 'yan'uwa a can yamma, in dai sun rage. Wata rana wani zai zo ya karanta maka." Shi ke nan fa, an ɗaure shi. Ba ya neman komai a duniya sai ya ji an karanta littafin nan da ƙarfi sau ɗaya, daga bakin ɗan'uwa, kafin ya mutu. Matarsa ta rasu, ɗansa ya bi sojoji bai dawo ba, dangi suka narke cikin gari, wasu suka koma masallaci, wasu suka auri masu cin alade. Ni ma cikinsu na yi aure, sai da mijina ya mutu na dawo ina dafa wa Yaya kunun gero. Mu biyu a gida, wani lokaci mu wuni ba a yi magana ba.

Ranar babbar kasuwa sai ya goya littafin ya kai bakin hanyar fatake, ya shimfiɗa ƙyalle a kan benci, ya buɗe kamar taƙi biyu, ya zauna. Duk baƙon da ya ga hancinsa ya yi tsini sai ya miƙe ya nuna masa. Kusa da shi Mu Baoshan mahauci yake, Musulmi, abokin wasansa tun suna yara, bakinsa ba ya gajiya.

"Mai shuɗiyar hula, yau ma an kawo amarya kasuwa? Har yanzu ba mijin?"

"Kula da ƙudajenka, Baoshan."

"Wallahi ka ba ni fatar nan in ɗinka maka riga, ko ka ji ɗumi bana. Limaminmu ya duba ya ce kamar namu ne amma ba namu ba. To na wa ne? Na aljanu?"

"Mai shi zai zo."

"A kan jaki ko a kan kunkuru?"

Duk da haka in rana ta yi zafi Baoshan ne ke matso masa da rumfa, kuma ba ya barinsa ya tashi sai ya cusa masa ƙashin miya a kwando. Ni kam haushi nake ji. Na sha ce masa, "Yaya, mutane na dariyarka." Sai ya ce, "Auta, wataƙila mu kaɗai muka rage a duniya. In na ɓoye shi a ɗaki, wa zai gan shi?" Sai in huce a kan tukwane.

Kowace shekara a tsakiyar zafi, ranar da masu littattafai ke shanya nasu, shi ma sai ya warware fatar a tsakar gida. Gefen da ya sha ruwa kullum ƙara ci yake yi, ya yi baƙi, ya yi laushi, rubutun na zubewa a yatsa. Yaya ba ya iya kallon haka. Sai ya yi wanka, ya sa rigarsa mai kyau, ya yanke abin da ya ruɓe da sabuwar wuƙa, ya naɗe a jan ƙyalle. Ba ya haɗa shi da takardun titi. Sai an share tanderu tas, ya kunna turare, ya durƙusa ya sa shi a wuta shi kaɗai. Ƙauri kamar ana babbaka ƙafar rago. Tokar ya kai kogi da ƙafarsa, ya shiga ruwa har gwiwa ya sake ta. Ranar ba ya cin komai. Ba wanda ya ga aibu a ciki, har malaman makaranta suna yaba masa.

Haka aka yi ta yi har gemunsa ya yi fari, littafin kuma ya rage nauyi.

Baƙon ya zo wata kaka, bayan an girbe gero. Ba a kasuwa ya same mu ba, har gida Baoshan ya rako shi yana ihu tun daga bakin lungu: "Delun! Fito! Kunkurun ya iso!" Dogon mutum ne mai gemu, sunansa Nahum, ɗan kasuwa daga Bagadaza da ya daɗe a bakin teku har ya iya harshenmu, ko da yake yana taunarsa kamar ɗanyen wake. Yaya ya fito, ya dube shi, ya kasa gaisuwa. Ni ce na ce a shigo, na ɗora ruwan shayi.

Aka shimfiɗa littafin a kan tebur. Nahum ya wanke hannu, ya rufe kansa, ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Can sai ya buɗe baki. Ba magana ba ce kuma ba waƙa ba, murya ce mai hawa da sauka, daga can cikin maƙogwaro. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba, amma tsigar jikina ta tashi. Yaya yana tsaye riƙe da bakin tebur, hawaye na bin gemunsa, bakinsa na motsi kamar zai kama abin da ake faɗa. Ban taɓa jin tausayin yayana kamar ranar ba, ban kuma taɓa yi masa murna haka ba.

Nahum yana karatu yana warwarewa, har ya kai inda fatar ta ƙare. Ya tsaya, ya shafa bakin yankan da yatsa.

"Dattijo, wannan ba ruwa ba ne. Wuƙa ce. Ina sauran?"

Yaya ya gyara tsayuwa. Da alfahari ya ba shi labari, bai rage komai ba: wankan, jan ƙyallen, turaren, tanderun, kogin. "Ban taɓa barin ko ƙwayar rubutu ta taɓa ƙasa ba," in ji shi.

Baƙon ya dube shi kamar bai ji ba. Sai ya kama wuyan rigarsa ya yaga, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ikon Allah," in ji Baoshan. "Ciwo ne da shi?"

"Wuta?" in ji Nahum. "Da hannunka? Dattijo, mu ba ma ƙona shi. Maƙiyanmu ne ke ƙona mana shi. In ya tsufa binne shi muke yi a maƙabarta, kamar mutum."

Rashin sani ya fi dare duhu. Na ga jinin fuskar Yaya ya janye, ya nemi benci ya zauna. Raina ya ɓaci, na ajiye butar shayi da ƙarfi na ce, "Malam, ka shigo gidan mutane ka yaga riga! Wa ya gaya masa? Wa ya koya masa? Abin da ya fi girma a garin nan shi ya yi wa littafinku."

"Bari, Auta," in ji Yaya. Ya juya wajen baƙon. "Abin da na ƙona, ya tafi ke nan? Ba mai sake jin sa?"

Nahum ya share fuska, ya ɗan sassauta. Ya ce a'a, maganar ba ta ɓata ba. Don ya kwantar masa da hankali ya rufe ido ya ci gaba da karatun daga inda wuƙa ta yanke, da ka, ba ya ko tuntuɓe. Ya ce yaransu ma sun haddace wurin. Akwai littafin nan a Bagadaza, da Masar, da ƙasashen Turawa, a kowane gari da suke, ana karanta shi duk Asabar. Abin da yake wa kuka hannun da ya rubuta ne, don masana a can suna gwada tsofaffin littattafai da juna, daga yadda aka ja alƙalami da yadda aka ɗinke fata su gane hanyar da mutane suka biyo. Irin namu kuwa babu shi da yawa.

Na zaci Yaya zai ji sanyi. Sai na ga ya ƙura wa mutumin ido.

"Kowane gari?"

"Kowane gari."

"Kuna da yawa ke nan."

"Ba ma ƙirguwa, dattijo."

"To ba ku san muna nan ba ne?"

Nahum ya sunkuyar da kai. Mutumin kirki ne, bai iya ƙarya ba. "Mun sani. Tun kakana ake zancen ku. Hanyar ce da nisa."

Na so in ce zumunta a ƙafa take, na haɗiye. Shayi ya huce a kofuna, ba wanda ya taɓa. Can baƙon ya yi gyaran murya, ya faɗi abin da ya kawo shi: ayarinsu zai tashi jibi, kuma yana roƙon a ba shi littafin ya kai inda za a adana shi, kada sauran ya lalace. Ya fara zancen abin da zai bayar, Yaya ya ɗaga masa hannu.

Shi da kansa ya naɗe fatar a hankali, ya ɗaure, ya rufa mata ƙyallenta, ya ɗora a hannun Nahum.

"Ɗauki, ɗan'uwa. Ya fi ni sa'a. Shi an zo nemansa."

Ya raka su har bakin lungu, ya tsaya yana kallo har suka sha kwana. Da ya dawo ya ce in rufe ƙofa, iska na shigowa.