Gwangwanaye Uku na Mai Tsakuwa

Rubuta yadda na faɗa, jikalle, kada ka gyara mini baki. Labarin ƙanena ne, wanda ake kira Mai Tsakuwa.

Shekara goma ke nan ma'aikatar ayyuka ta jiha ta ɗauke shi aikin sati biyu, ya zauna bakin hanyar unguwarmu yana ƙirga abin hawan da ke wucewa. Wai da ƙirgen nan za su hango kuɗin da kowace hanya za ta ci nan da shekara goma. Shi ma bai san bihim ba, kamar ni. Sai ya jera gwangwanayen madara uku a kan benci: na babbar mota, na ƙarama, na babur. Abu ya wuce, ya jefa tsakuwa. Da yamma malamin ofis ya zo ya juye, ya rubuta.

To, lokacin kwalbatinmu ya riga ya rufta. Wane direba zai shigo? Duk sun koma zagaye.

Na leƙa gwangwanin manyan motoci, tsakuwa biyu. Na ce, "Kai, ƙara damƙi ɗaya mana."

Ya ce, "Yaya, amana aka ba ni."

"Tsakuwar ce za ta kai ƙararka?"

Mai facin da ke gefensa ya ce, "Ƙyale shi, baba, da gwangwani zai shiga aljanna."

Ko ɗaya bai ƙara ba.

Takarda ta fito, wai hanyarmu ba ta da zirga-zirga, ba ta shiga kasafi ba. Sau huɗu muna zuwa ofis. Su ce in motoci sun yawaita za a gyara. Direbobi su ce in an gyara za su zo. Mai faci ya kwashe kayansa ya bar unguwar. Matar ƙanena kuwa ƙafa ta kwantar da ita, duk ranar asibiti a baro yake tura ta har babban titi, maƙwabta na kallo ba ko sannu.

Bana aka dawo ƙirge. Ba mutum wannan karon, wani baƙin tiyo suka shimfiɗa a kan hanya, da akwati a gefe mai ƙirga abin da ya taka tiyon. Ƙanena, da shekara saba'in a kansa, ya ɗauko baron nan ba komai ciki. Ya tura shi kan tiyon, ya juyo, ya sake turawa, tun hantsi har la'asar. Kwana bakwai yana haka, tafin hannunsa duk ya yi kanta.

Rana ta takwas malamin ofis ya buɗe akwatin, ya dubi ƙanena ya ce, "Baba, wahala ka sha. Ba ya jin baro, sai abu mai nauyi."

Ƙanena ya ce, "In na cika shi da tsakuwa fa?"

Mutumin ya riga ya fara naɗe tiyonsa. Ya ce sai ƙirge na gaba.

Muka tsaya ni da ƙanena har motarsu ta juya ta bi zagaye. Sannan ya ce, "Yaya, ara mini tabarmarka in shimfiɗa a baron. Gobe ranar asibitinta ce."