Audugar da Ilyasu Ya Yar

Ilyasu mutumin Tsibiri ne, manomin hatsi, mai kunne kamar na zomo. Allah da ikonsa, sai ya auri Tasalla 'yar Jiratawa, macen da muryarta ba ta wuce bakin tabarma. Haka aka rene ta: mace ba ta ɗaga wa mijinta murya, ba ta kama sunansa. Sai abin ya zo daidai, don ko tana bakin murhu ta ce "Malam" can ƙasa-ƙasa, Ilyasu na ji daga zaure. Ba abin da yake so a duniya kamar wannan kiran.

Zamanin Faransa ne, bayan ruwa ya ci tsohon garin Maraɗi an koma tudu. Gyaɗa ta yi kasuwa, wani kamfanin Turawa ya kafa injin ɓara cikin wani dogon ɗakin kwano, Ilyasu ya samu aikin rani a can, yana zuba wa injin gyaɗa. Injin nan, wallahi, ba ƙara yake yi ba, duka yake yi. Kwano na rawa, haƙora na rawa, na kusa da kai ma sai ka kafa masa baki a kunne ka yi ihu. In Ilyasu ya taso da yamma, gyare ke kuka cikin kansa har Tsibiri.

Tasalla ce ta lura ya fara ce mata "Me kika ce?" Ba ta yi dogon zance ba, ta tsakuro auduga daga kwandon kaɗinta, ta mulmula ta ba shi. Ya toshe kunnuwa ya shiga aiki, ya kuwa ji sauƙi. Amma Tanimu, abokin aikinsa mai bakin tsiya, na hango farin abu a kunnensa sai ya dafe ƙirji.

"Ilyasu, yaushe ka rasu ba a gaya mana ba? Wa ya yi maka wanka?"

Ɗaki ya ɗauki dariya, don kowa ya san gawa ake toshe wa kunne da auduga. Wani dattijo kuwa bai yi dariya ba, ya ja shi gefe ya ce wannan mugun fata ne, mai rai ba ya kiran likkafani da hannunsa. Nan take Ilyasu ya cire audugar ya yar. Kunya ta hana shi gaya wa Tasalla. Kullum da safe ta ba shi, ya karɓa da godiya, in ya zo gulbi ya jefar.

Rani ya bi rani, gyaren nan ya daina yin shiru ko da damina. Da ya je ganin likita, lokotoron, wani Bature, ya sa tafinta ya gaya masa cewa duk wurin da sai ka yi ihu kafin na gabanka ya ji, ƙarar wurin tana cin kunne, abin da ta ci kuma ba ya dawowa. Ya ce da ma ya riƙa toshewa, ko da auduga ce. Ilyasu ya sunkuyar da kai.

Ya bar aikin ya koma gona, amma an riga an makara. Ya roƙi Tasalla ta riƙa ɗaga murya. Ta gwada sau ɗaya, maƙwabta suka ji ta kan danga, magana ta kai Jiratawa cewa tana yi wa mijinta tsawa, har gwaggonta ta tako ta yi mata faɗa. Daga ranar ta koma taɓa masa kafaɗa. Kai, abin da ban tausayi, mutum biyu masu son juna suna zaune tabarma ɗaya ba hira.

Da ciwon ajali ya kwantar da Tasalla, wata rana da hantsi ta jawo kansa kusa da bakinta, ta daɗe tana magana. Yana jin ɗumin numfashinta a kunnensa, yana gyaɗa kai, yana ta ce mata "To." Kafin azahar ta cika. Mata masu wanka suka aiko a ba su auduga, shi ya ɗauko musu daga kwandon kaɗinta. Bayan an dawo daga kushewa, 'yan'uwanta suka kafa masa baki a kunne suna tambayar wace wasiyya ta bari.

"Ta faɗa," in ji shi. "Ni ne ban ji ba."