Wayar Rakiya da Mai Cajin Korgom

Har gobe ba na mantawa da ranar da majo, shugaban gidan likita na Korgom, ya kira ni a waya yana huci, ina buro, wato ofis, a Tasawa. Ya ce Rakiya, mai yi wa yara rigakafi a ƙauyuka, ba ta aiki, wata guda bai ga sunan yaro ko ɗaya daga wajenta ba, kuma zai sallame ta.

Ni ne mai kula da manhajar da suke aiki da ita. Ma'aikaci yana rubuta yaran da ya yi wa allura a waya ko babu rezo, wato sabis. In ya samu rezo, sai wayar ta tura wa babbar ma'ajiyarmu ta intanet duk abin da aka rubuta bayan turawar ƙarshe. Da agogon wayar take gane sabo da tsoho.

Ni kuwa da shegen son sanin ƙwaƙwaf, sai na hau moto, babur ɗina, na nufi Korgom. Rakiya ta miƙo mini wayar, idonta ja. "Malam Sani, wallahi ƙafata har ta tsage. Duba da kanka." Ga sunayen yara nan birjik, rezo cike, agogo daidai, amma na danna turawa ta ce babu sabon abu. Ikon Allah! Da na leƙa ciki, sai na ga kwanan wata ya nuna an rubuta yaran shekaru kafin a haife su.

Na ce, "Ina kike caji?" Ta kai ni rumfar wani dattijo a kasuwa. Ina tsaye ya ɓalle bayan wata waya, ya zare batir, ya maƙala shi a wani ɗan maƙali na caji. "Baba, mi ya sa kake cirewa?" Ya ce, "Ɗana, bakin waya iri-iri ne, batir kuwa duk ɗaya." Ashe da an cire batir agogo ke komawa ranar da aka ƙera wayar. Haka Rakiya ke shiga daji tana aiki, agogo bai gyaruwa sai ta dawo rezo, sai aikinta ya zama tsohon zance.

Na tura komai da hannu. Majo ya kalli sunayen suna shigowa, ya kasa haɗa ido da ita. Daga baya muka daina dogara da agogo: kowane rubutu na ɗauke da alamar ba a tura ba, sai ma'ajiya ta amsa.

Ranar nan ina ta murna, Rakiya ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "To Balki ta Mayahi da aka sallama bara kan irin wannan fa? Ita ina take caji?"

Tun ranar, in waya ta ce mutum bai yi aiki ba, sai na je na ga wayar tukuna. Washegari na nufi Mayahi, na tarar Balki ta tafi Agadas neman aiki, wayarta kuma an goge ta an ba wani.