Ɗakin Siminti da Kasko Uku

Inna Babarbariya ce, kuma a wurinta macen da ba ta ƙamshi ba ta gama shiri ba. Turaren wuta take yi a gidanmu na Birni tun kafin a haife ni. Ta zuba garwashi a kasko, ta kifa kabbasa, wato kwandon da ake shanya tufafi a kai, ta toshe taga da tsumma. Tun ina ƙarama aikina ɗaya ne.

"Ja ƙofa, ƙamshi na gudu."

Tsohon ɗakinta na ƙasa ne, ko'ina kafa, iska na shiga yadda ta ga dama. Da na fara koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, sai na rushe shi, na gina mata na siminti, taga ta gilashi, ƙofa ta ƙarfe. Har gori na riƙa yi wa 'yan'uwana da ke Yamai.

Wata safiyar Alhamis ta kunna kasko uku saboda kayan wata amarya. Ta ce kanta na sarawa, bari ta ɗan zauna. Ban jira ta faɗa ba, na ja mata ƙofa na tafi aiki. Da azahar na same ta a gefen gado, ba ta motsi. Ɗakin kuwa ƙamshi kamar me.

A asibiti suka sa mata abin shaƙar iska, suka ɗebi jini. Likitar, wata doguwa marar son surutu, ta ce garwashi na fitar da wata iska marar wari, ita ke hana jini kai numfashi ƙwaƙwalwa.

"Madam, in ƙwaƙwalwa ta ji ciwo, akwai abin da take saki cikin jini. Shi za mu auna, yau da kuma bayan magani. Sai an kai jinin Yamai an yi analiz, wato gwaji."

"Zai nuna in za ta gane ni?"

"Zai nuna girman ciwon. Sauran na Allah ne."

Ni kaɗai na yi jinya. 'Yan'uwa sun yi ta kiran waya, kowa da shawararsa, ba wanda ya hau mota. Ban faɗa wa kowa wanda ya ja ƙofar ba. Inna ta farfaɗo, tana ci, tana salla in an tuna mata, tana gaishe ni da ladabi yadda ake gaida baƙuwa. Wannan ladabin ya fi komai yi mini zafi.

Da takardar ta dawo, likitar ta nuna mini layi biyu. Na farko ya hau sosai, na biyu ya sauka. Ta ce alama ce mai kyau, a ba ta lokaci. Na ninke takardar na sa a jaka, har yau tana ciki, duk ta tsufa.

Na kwashe kaskon duka na ba maƙwabta. Shekara guda ba a kunna turare a gidan ba.

Wata rana ina ɗaura mata kallabi, ta kama bakin mayafina ta shinshina. Ta ɗago ta dube ni, tausayi fal idonta.

"Baiwar Allah, ba ki da uwa ne? Wa ya bar ki kika fito haka?"